Renon tsiro a kwalba: mene ne shi, kuma me yake nunawa game da shinkafa mai jure gishiri?

Renon tsiro a kwalba, wanda masu bincike ke kira tishu kalca, shi ne a ɗebi ɗan yanki na tsiro, ganye ko saiwa ko ƙwayar iri, a ɗora shi kan abincin da aka haɗa a ɗakin gwaji, cikin kwalba ko faranti mai murfi da babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki, ya ci gaba da girma ba tare da ƙasa ba. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne ƙwayoyin halittar tsiro da yawa suna iya komawa baya su sake gina cikakken tsiro, da saiwarsa da ganyensa. Gottlieb Haberlandt ne ya kawo wannan tunani a 1902, bai kuma kai ga nasara a gwajinsa ba. Abincin da aka fi amfani da shi yau, wanda ake kira MS, Murashige da Skoog ne suka haɗa shi a 1962 don renon tsiron taba.

Shinkafa na cikin hatsin da gishiri ya fi wahalarwa. Ana auna gishirin ƙasa da yadda ruwanta ke ɗaukar lantarki, a ma'aunin dS/m. Daga 4 zuwa sama ake cewa ƙasa mai gishiri ce, amma shinkafa tana fara asara tun daga 3, kuma kowane ƙarin 1 yana cin kusan kashi 12 cikin ɗari na amfanin gona. A gona kuwa gishiri ba ya zama daidai wa daida: nan fari fat, taku goma gaba lafiya lau, ruwan ban-ruwa na yau ya sha bamban da na jiya. Idan iri ya mutu, ba ka san gishiri ne ko zafi ko tsutsa ba. A kwalba kai ne ka auna gishirin da hannunka, komai da komai kuma iri ɗaya ne.

Da ƙwayar shinkafa busasshiya ake farawa. A ɓare ƙaiƙayin a hankali kada a ji wa idon ƙwayar rauni, domin daga nan komai zai fito. A tsoma ta cikin etanol mai ƙarfin kashi 70 na minti ɗaya, sai ruwan bilic mai kusan kashi 2 na sinadarin na minti 15 zuwa 20 ana girgizawa, sannan a ɗauraye sau huɗu ko biyar da tataccen ruwan da aka dafa. Wannan mataki ne ke yawan kayar da sababbin hannu. In an gajarta shi, cikin kwana uku zuwa biyar za a ga yauƙi fari ko farin gashin fumfuna ya mamaye farantin. In an wuce da shi, ƙwayar ta mutu, ta yi ta zama ba motsi.

A lita ɗaya ta abincin MS ana sa sukari giram 30, da garin agar giram 8 don ya daskare, da sinadarin 2,4-D miligiram 2 zuwa 2.5. I, shi ne dai maganin ciyawan da manoma suka sani. A wannan ɗan ƙanƙanin awo ba ya kisa, sai dai ya sa ƙwayoyin halitta su yi ta rabuwa ba tare da sun zama ganye ko saiwa ba. Ana daidaita pH, wato ma'aunin tsamin abincin, zuwa 5.8 kafin a dafa, domin in ya yi ƙasa sosai agar ba za ta kama ba. Sai tukunyar tururi a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Zubawa da shukawa duk a kan teburin da ke hura tatacciyar iska ake yin su, da hantsakin da aka ƙona a wuta. A rufe bakin faranti, a ajiye a duhu a digiri 25 zuwa 28.

Bayan mako biyu zuwa huɗu, wani dunƙule zai kumburo daga gefen idon ƙwayar. Sunansa kalus. Mai kyau ruwan madara ne da ɗan rawaya-rawaya, busasshe, mai gudaji-gudaji kamar dambu. Shi ne zai iya komawa tsiro. Mai ruwa-ruwa, mai laushi ko wanda ya fara yin ƙasa-ƙasa, a zubar. Nan ma akwai matsala tun kafin gishiri ya shigo: shinkafa dangin indika, wadda ita ce mafi yawa a gonakin ban-ruwa na Afirka ta Yamma da kudancin Asiya, ta fi dangin jafonika taurin kai wajen ba da kalus mai kyau. Saboda haka kowane iri ana kwatanta shi da nasa farantin da ba a sa wa gishiri ba, ba da na wani irin ba.

Sai a yanka kalus ƙanana, a auna nauyin kowane, a raba su kan abinci mai gishirin girki a matakai: babu ko kaɗan, milimola 50, 100, 150, 200. A giram, wannan shi ne 2.9, 5.8, 8.8 da 11.7 a kowace lita. Ruwan teku yana da kusan giram 35. Milimola 100 ya yi kusa da 10 dS/m. Bayan mako uku ko huɗu a sake aunawa. Ana duba yawan nauyin da ya ƙaru, da nawa ne suka yi baƙi suka mutu, da yawan sodiyam idan an kwatanta da fotasiyam a cikin naman kalus, domin gishiri yana cutarwa ta hanya biyu: da farko ya hana ƙwayar shan ruwa, daga baya sodiyam ya shiga ya ture fotasiyam daga aikinsa. Ana kuma auna furolin, wani sinadari da ƙwayoyi ke tarawa in sun shiga ƙunci. Rahotanni da yawa suna ɗaukar yawan furolin a matsayin shaidar juriya, alhali sau da yawa irin da ya fi jigata ne ya fi tara shi. Shi kaɗai bai isa hujja ba.

Gwajin da ba shi da irin kwatance ba ya cewa komai. Waɗanda aka saba sawa su ne Pokkali, tsohon irin gaɓar Kerala a Indiya, da Nona Bokra, a ɓangaren masu juriya, sai IR29 na IRRI, cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Los Baños a Filifin, wanda gishiri ke kayarwa da wuri.

Inda ake yawan ruɗuwa shi ne a ɗauka kalus da ya rayu a gishiri yana nufin shinkafar za ta rayu a gona. Kalus ba shi da saiwa, ba shi da jijiyar ɗaukar ruwa, ba ya zufar ganye. Babban ɓangare na juriyar Pokkali da Nona Bokra kuwa a can yake: akwai wani ƙwayar gado a kuromosom na 1, OsHKT1;5, wanda ke janye sodiyam daga jijiyar ruwa tun a saiwa kafin ya hau ganye. An gano shi a Nona Bokra a 2005, kuma yana cikin yankin kuromosom ɗin da ake kira Saltol, wanda aka zana daga auren IR29 da Pokkali. Dunƙulen da ba shi da jijiya ba zai nuna wannan aiki ba. Abin da kalus ke nunawa shi ne juriyar ƙwaya ɗaya ɗaya, wato yadda take kulle sodiyam a wani ɗaki na cikinta, da yadda take riƙe ruwa. Wannan ilimi ne mai amfani, sai dai rabin labari ne. Ban da haka, ƙwayoyin saman dunƙule ba sa taɓa abincin, na ƙasa ne ke shan gishirin su mutu, na sama su tsira a banza. Shi ya sa ake yanka shi ƙanana a baje, ko a yi renon cikin abinci mai ruwa ana girgizawa.

Wasu ba aunawa kawai suke yi ba, zaɓe suke yi. Ƙwayoyin da suka daɗe a kwalba sukan sami sauye-sauyen gado, abin da Larkin da Scowcroft suka yi bayani a 1981, sai a yi ta ƙara gishiri a hankali ana ɗebe waɗanda suka rayu. Daga nan a mai da su kan abinci marar 2,4-D mai sinadaran da ke sa kalus ya fitar da ganye, wato BAP miligiram 2 zuwa 3 da NAA rabin miligiram a kowace lita, a haske na awa 16 a rana. Ɗigon kore zai bayyana, sai ganye, sai a kai su rabin ƙarfin MS su yi saiwa, a dasa a tukunya a kifa musu leda na mako ɗaya ko biyu har su saba da iska. Amma duk watan da kalus ya ƙara a gishiri yana rage masa ikon fitar da tsiro. Wasu su fito farare ba kore, su mutu da zarar sun bar sukari, wasu su yi zangarniya ba ƙwaya. Wasu kuma sabo kawai suka yi da gishirin, 'ya'yansu ba su gaji komai ba.

Ga mai bincike a arewacin Najeriya, Nijar ko gefen tafkin Chadi akwai ƙarin abin lura. A bakin teku, kamar ƙarshen kogin Senegal ko gonakin shinkafa na Gini Bisau, gishirin girki ne matsalar. A nesa da teku kuwa, farin da ke fitowa a wasu gonakin ban-ruwa yakan zama kanwa, wadda ke ɗaga pH ta kuma toshe ƙasa har ruwa ya kasa nutsewa. Irin da aka zaɓa da gishirin girki a pH 5.8 ba a gwada shi da wannan ba, don haka a fara kai ƙasar gonar awo kafin a yanke abin da za a zuba a faranti.

Duk tsiron da ya fito daga kwalba sai an tara irinsa an gwada 'ya'ya da jikoki. Hanyar IRRI ita ce a reni ƙananan shuka a ruwan abinci mai 12 dS/m, a ba su maki daga 1 zuwa 9 lokacin da IR29 ya mutu. Waɗanda suka wuce sai a sake gwada su lokacin ciki da fure, domin irin da ya jure yana ƙarami yakan iya ba da ƙaiƙayi zalla in gishiri ya same shi a wannan mataki, sannan a kai su gonar mai gishirin a gwada su damina da rani.