Ajiyar ƙwai da man shanu a zafin Damagaram, ga masu gashin gato a gida

Iyaye mata da ƴan matan da ke gashin gato, cincin da dubulan, na sayarwa ko na biki, da ku nake magana. Yawancin bidiyon girkin da kuke kallo a Facebook da YouTube suna cewa a fitar da ƙwai da man shanu a bar su su ɗauki yanayin ɗaki kafin a kwaɓa. Ɗakin da suke nufi yana wajen digiri 20. Namu a watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40 a Zinder, wani abu ne daban. Bin maganarsu ido rufe shi ke jawo gato ya fito da nauyi, a wasu lokutan kuma ya jawo gudawa a gida.

Ƙwai yana zuwa da wani siririn rufi a bayan ɓawonsa wanda ke toshe ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Idan aka wanke shi da ruwa, rufin ya tafi, ƙwayoyin cuta irin su salmonela sun samu hanyar shiga. Don haka kada ki wanke ƙwan da za ki ajiye. In da kashin kaji a jiki, goge shi da busasshen tsumma, wankin ya jira sai za a fasa. A Amurka kamfanoni na wanke ƙwai kafin sayarwa, shi ya sa dole su riƙe shi a sanyi; a Faransa ba a wankewa. Namu na kasuwar Dole ba wankakke ba ne, amma zafi yana tsufar da shi da sauri, musamman filaton da ya wuni a rana a kan teburin mai shayi.

Mai firigo ta sa shi can ciki, ba a ƙofa ba, tsinin yana kallon ƙasa. Sai dai ga abin da aka fi sakaci da shi: ƙwan da ya yi sanyi, in ya fito cikin zafi, gumi yake yi, danshin nan kuwa yana taimaka wa cuta ta ratsa ɓawo. A shiga da shi a fito da shi, ko wuta ta yi ta ɗaukewa, ya fi illa a kan a bar shi wuri ɗaya mai inuwa. In wutar unguwarku ba ta zama, ni dai shawarata ki sayi na ƴan kwanaki kawai, ki ajiye kusa da randa. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen buhu a sama, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana aiki sosai a busasshiyar iska irin tamu, tukwanen Miriya kuwa ga su kusa. Da damina ƙarfinta yana raguwa.

Kafin ki zuba ƙwai a kwaɓi, gwada shi a kwanon ruwa. Wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya taso sama ya tsufa, a zubar. Ki fasa kowanne a kofi daban kafin ya shiga kwaɓi, ko da ƙwan zabi ne mai kaurin ɓawo. Kuma a hana yara lashe kwanon kwaɓin da ke da ɗanyen ƙwai. Haka mai juna biyu.

Man shanu kuma iri biyu ne a wajenmu. Ɗanye, wanda matan Fulani ke kawowa, yana da ruwa da sauran nono a ciki, shi ya sa yake saurin wari. Soyayye an ƙone ruwansa, yana iya yin watanni a kwalba mai murfi nesa da rana, muddin ba a sa jiƙaƙƙen cokali ba. Na kanti mai takarda wurinsa firigo, a nannaɗe, don yana ɗaukar warin albasa da kifi.

To me ya haɗa wannan da tashin gato? Lokacin da kike buga mai da sukari, ƙwayoyin sukarin suna tura iska cikin man, iskar ce ke kumbura a wuta. Man shanu yana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, narkakke kuwa ba ya riƙe iska, komai bugunki. Wanda ya daskare ma ba ya buguwa. Ki danna da yatsa: ya lotsa amma bai yi ƙyalli ba, to ya yi. Da bazara mintoci kaɗan a waje sun isa, kuma gara ki kwaɓa da asuba. In kin zuba ƙwai mai sanyi a kan bugaggen mai, sai man ya dunƙule, kwaɓin ya tsinke kamar nonon da ya kwana. Tsoma ƙwan a ruwa mai ɗumi na minti 5 zuwa 10, ki fasa nan take, ki zuba ɗaya bayan ɗaya.

Da hunturu, Disamba da Janairu, lamarin juyawa yake. Man ya taurare, kwaɓin fanke ya ƙi tashi. Kada haushi ya sa ki zuba tafasasshen ruwa, yis yana mutuwa in zafi ya kai wajen digiri 60. Ruwan da bayan hannunki zai iya jurewa ya isa, ki rufe kwanon ki ajiye inda rana ke taɓawa. Da bazara kuma ruwan randa za ki sa, ki riƙa dubawa, don kwaɓin yana tashi da wuri ya wuce ya yi tsami.