Bayan bala'i a Amurka: wane tarkace ake kwashewa nan take, wane ne sai an duba tarihi?

Amurka tana da dokar adana wuraren tarihi tun 1966. Sashe na 106 na dokar ya ce duk aikin da gwamnatin tarayya za ta yi, ko ta biya kuɗinsa, ko ta ba da izininsa, sai hukumar da ke da alhaki ta fara duba ko zai taɓa gini ko wuri mai tarihi. Za ta tuntuɓi jami'in adana tarihi na jihar, da ƙabilun 'yan asalin ƙasar idan wurin ya shafe su. In babu wata matsala ta gaggawa, jami'in jiha yana da kwana 30 ya ba da amsa. Ba sai ginin yana cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa ba. Matuƙar ya cancanci shiga, galibi wanda ya kai shekara 50 kuma yake da wani muhimmanci, dokar ta hau kansa.

To, ranar da guguwa ta kwantar da gari fa? Ba mai hankalin da zai ce katafila ta jira kwana 30 alhali akwai mutum a ƙarƙashin ɓaraguzai. Ƙa'idojin aiwatar da sashen sun yi tanadin haka: aikin ceto na nan take, don tsirar da rai ko dukiya, an cire shi gaba ɗaya daga bitar. Ko bangon ya shekara ɗari biyu, in fasa shi ne zai fito da mutum, a fasa.

Amma wannan ƙofar ƙarama ce, kuma a nan mutane suke yin kuskure. Sauran ayyukan gaggawa, waɗanda za a yi cikin kwana 30 bayan shugaban ƙasa ko gwamna ko gwamnatin ƙabila sun ayyana bala'i, ba a yafe musu bita ba, taƙaita ta aka yi. Hukuma za ta sanar da masu ruwa da tsaki, ta ba su kwana 7, ko ƙasa da haka in lokaci ya ƙure. Kwana 30 ɗin na cika, sai a koma tsarin da aka saba, sai dai in tun kafin su cika an nemi ƙari daga majalisar ba da shawara kan adana tarihi ta tarayya.

Akwai kuma ruɗanin da ke tasowa daga dokar Stafford ta 1988, wadda ita ce ginshiƙin agajin bala'i. Ta yafe wa kwashe tarkace dogon nazarin nan na tasiri ga muhalli. Wasu sai su ɗauka an yafe komai. Ba haka ba ne. Bitar tarihi doka ce dabam, tana nan daram.

Yawancin sauƙin da ake samu daga yarjejeniya yake fitowa. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA kan ƙulla ta da jihohi tun kafin komai ya faru, tun ran gini ran zane, kuma tun 2013 akwai samfurin da jihohi ke ɗorawa a kai. A ciki ake jera ayyukan da aka amince ba sa buƙatar a koma wurin jami'in jiha: kwashe rassan itatuwa da tarkace daga kan tituna, tara su na ɗan lokaci a filin da aka riga aka shimfiɗa wa kwalta, da makamantansu. Ma'aunin, a taƙaice, abu biyu ne: ƙasa da kuma bango. Abin da ke kwance a sama, kwashe shi. Da zarar za a tona ƙasar da ba a taɓa tonawa ba, ko a rushe ginin da ke tsaye, magana ta canza.

Kututture ya isa misali. Iska ta tumɓuke tsohon itace a gefen maƙabarta, saiwoyin sun ɗago da ƙasa tsayin mutum. Cikin ƙasar nan ana iya samun fasassun tukwane, ko ƙasusuwan mutanen da ba wanda ya san an binne su a wurin. Direban katafila da ke sauri ba zai lura ba. Shi ya sa yanke kututture daidai da ƙasa ya fi sauƙin wucewa a kan fizge shi da saiwarsa.

An ga yadda abin yake a Lahaina, tsohuwar hedikwatar masarautar Hawai, bayan gobarar watan Agustan 2023 da ta kashe kimanin mutum 100. Rundunar injiniyoyin soja ce ta jagoranci kwashe tokar gidaje, kuma an haɗa ma'aikatan da masu sa ido kan al'ada daga 'yan asalin tsibirin, saboda ƙarƙashin garin akwai kaburbura da kayan kakanni. A ganina wannan ya fi a ce ko dai a tsaya cak, ko a share komai ido rufe.

Mai gidan da ya rushe nasa da kuɗin aljihunsa, ba tare da tallafi ko izinin tarayya ba, Sashe na 106 bai shafe shi ba, ko da yake dokar jiha ko ta gari tana iya tare shi. Ƙananan hukumomi ne abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, don FEMA kan mayar musu da aƙalla kashi 75 cikin ɗari na kuɗin da suka kashe kan aikin da ya cancanta. Wadda ta buɗe juji a kan tsohon kufai ba tare da bita ba tana iya rasa wannan kuɗi, kuma wani sashe na dokar ta 1966 ya hana tallafi ga wanda ya rushe gini da gangan don ya kauce wa bita, sai in hukuma ta ga akwai hujja mai ƙarfi.