Korar koci a jami'o'in Amurka: me kwantiragi ya ce, kuma wa ke biyan kuɗin sallama?

Daren Asabar, 11 ga Nuwamba 2023, ƙungiyar Jami'ar Texas A&M ta lallasa ta Mississippi State da maki 51 da 10 a filinta na Kyle Field, wanda ke cin mutum sama da dubu ɗari. Gari na wayewa jami'ar ta sallami kocinta, Jimbo Fisher. Bai ci kuɗin kowa ba, bai yi abin kunya ba, wasan jiya ma shi ya ci. Da yake babu laifin da za a rataya masa, dole jami'ar ta amince ta biya shi sama da dala miliyan 75 don kawai ya tattara nasa ya nasa ya tafi gida.

Wasan da ake magana a kai ba ƙwallon da muka saba kallo a gidajen kallo ba ne. Ƙwallon Amurkawa ne, mai siffar ƙwai, wanda ake runguma a hannu a sheƙa da gudu, 'yan wasa sanye da hular kwano. A jami'o'insu harka ce ta maƙudan kuɗi, har ta kai a jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ke ɗaukar albashin kocin jami'ar jihar, gwamna ma bai kama ƙafarsa ba.

Asalin dokar aiki a kusan dukkan jihohin Amurka ita ce mai wuri yana da ikon sallamar ma'aikaci duk lokacin da ya ga dama, ba sai ya faɗi dalili ba, muddin ba wariya ce ta launin fata ko addini ko jinsi da makamantansu ba. Manyan kociyoyi sun fita daga wannan sahun, domin suna da kwantiragi na shekaru ƙayyadaddu. Jami'a na iya karɓe aikin a kowace rana, kotu ba ta saba tilasta mata ta ci gaba da zama da kocin da ba ta so ba. Abin da kwantiragi ke yankewa shi ne farashin rabuwar, kuma farashin ya danganta da ƙofar da aka fitar da mutum.

Ƙofa ta farko ita ce kora bisa laifi. Laifukan a rubuce suke cikin kwantiragin: karya ƙa'idojin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, aikata babban laifi a idon doka, yi wa shugabanni ƙarya, ko halin da zai zubar da mutuncin makaranta. Wanda aka kora ta nan yakan tashi a tutar babu. A watan Afrilun 2012 Bobby Petrino na Jami'ar Arkansas ya faɗi da babur, ya fito gaban 'yan jarida fuska duk ƙwarzane, wuya a ɗaure. Abin da bai faɗa ba shi ne akwai wata mata a bayansa, wadda yake nema, kuma ya ɗauke ta aiki a ofishin ƙungiyar. Rahoton 'yan sanda ne ya tona asirin. Cikin kwana goma aka kore shi, duk da cewa a kakar da ta gabata ya ci wasa 11. Haka Jami'ar Tennessee ta yi wa Jeremy Pruitt a Janairun 2021 kan saɓa ƙa'idar ɗaukar 'yan wasa, ta hana shi kusan dala miliyan 12.6.

To amma shan kashi a fili ba ya cikin jerin laifukan nan. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Koci zai iya faɗuwa wasa bayan wasa, magoya baya su yi ta yi masa ihu, masu ba da gudummawa su juya baya, amma a takarda bai saɓa komai ba, don bai taɓa sa hannu cewa zai ci kofi ba. Jami'ar da ta gaji da shi sai ta bi ƙofa ta biyu, wato kora ba tare da laifi ba, ta biya kuɗin sallamar da aka yanke tun ranar ɗaukar aiki. Kotunan Amurka kan amince da irin wannan diyya da aka ƙayyade tun farko, in dai ƙiyasin asara ce mai ma'ana, ba tara ba ce ta mugunta. Takobin kuma kaifi biyu gare shi: a 1999 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da irin wannan sharaɗi a kan koci Gerry DiNardo, wanda ya bar Vanderbilt ya koma Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) kafin wa'adinsa ya cika.

Sai mu dawo kan Fisher. A Disambar 2017 aka ɗauko shi daga Florida State, inda ya ci kofin ƙasa a kakar 2013, a kan dala miliyan 75 na shekara goma. A 2020 ya ci wasa 9 ya faɗi 1. Daɗi ya ɗebi shugabanni, ga kuma raɗe-raɗin cewa LSU na zawarcinsa, sai a Satumbar 2021 aka sabunta masa kwantiragi har zuwa 2031, albashi ya haura dala miliyan 9 a shekara. Kuɗin duka an lamunce masa su, ko ya yi aiki ko an sallame shi. Sannan babu sharaɗin ragi.

Sharaɗin ragin nan shi ne ƙashin bayan lamarin, ko da yake ba kasafai masu sharhin wasanni ke tsayawa a kansa ba. Ma'anarsa, korarren koci wajibi ne ya nemi wani aiki da gaske, kuma abin da sabon wuri ke biyansa za a cire shi daga bashin da yake bin tsohon wuri. James Franklin, wanda Penn State ta sallama a Oktoban 2025, yana da kusan dala miliyan 49 a takarda, amma akwai wannan sharaɗi a kansa. Da Virginia Tech ta ɗauke shi a watan Nuwamba, rahotanni suka ce an sasanta a kan miliyan 9. Fisher kuwa ko gobe ya samu aiki, kuɗinsa na nan cif: kimanin dala miliyan 19 cikin kwana 60 na farko, sannan miliyan 7 da 'yan kai kowace shekara har 2031. Kafin shi, mafi tsadar sallama ita ce ta Gus Malzahn a Auburn a 2020, dala miliyan 21 da ɗoriya. Jami'ar da ta kori Fisher ta ce daga asusun sashen wasanni da gidauniyar magoya baya ta 12th Man za a biya, ba daga kuɗin karatun ɗalibai ba.

Shin korar Fisher ta yi daidai? A ganina ta yi. Ya ci wasa 45 ya faɗi 25 cikin kaka shida, a 2022 ma 5 ya ci ya faɗi 7, alhali an tara masa zaratan matasa kuma ana biyansa albashin mai cin kofi. Kuɗin da ake jin tsoro kuwa sun riga sun fita tun ranar da aka sa hannu a 2021. Ko an bar shi ko an kore shi, sai an biya. Ƙarin nauyin da korar ta jawo shi ne albashin sabon koci, Mike Elko, da na mataimaka. Inda aka tafka kuskure shi ne teburin sabunta kwantiragi, lokacin da lauyoyin jami'a suka bar mutum ya rubuta wa kansa takardar da babu ƙofar fita a cikinta sai ta zinariya.

Girman kuɗin ne ke sa wasu jami'o'i fara tone-tone idan sun ƙosa da koci, ko a dace da laifin da zai soke bashin. Wani lokacin laifin na gaske ne, wani lokacin kuma neman hanyar zillewa ce, shi ya sa maganar kan ƙare a kotu. Michigan State ta kori Mel Tucker bisa laifi a Satumbar 2023, bayan zargin cin zarafi ta fuskar lalata, da saura kusan dala miliyan 80 a kwantiraginsa. Ya musanta, ya kai ƙara. Pat Fitzgerald ya nemi dala miliyan 130 daga Northwestern bayan korar da aka yi masa a 2023 kan gallaza wa sababbin 'yan wasa a ƙungiyarsa, aka sasanta a 2025.

Brian Kelly, kocin da LSU ta sallama, shi ma sai da ya garzaya kotu a Nuwambar 2025, yana cewa LSU na neman juya korarsa ta koma ta laifi don ta guje wa kusan dala miliyan 54. Daga baya jami'ar ta rubuta masa cewa kora ce ba tare da laifi ba. An sallame shi ne washegarin da Texas A&M ta Elko ta doke shi 49 da 25 a gidansa. Daraktan wasannin da ya ɗauko Kelly, Scott Woodward, shi ne ya ɗauko Fisher a 2017, kuma bayan gwamnan Louisiana, Jeff Landry, ya caccake shi a bainar jama'a kan waɗannan kwantiragi biyu, Woodward ma bai ƙara mako guda a kujerarsa ba.