Tuni da alamu a koyar da karatun yara

Tuni da alamu su ne 'yan dabarun da malami ko uwa ke yi idan yaro ya cije a kan wata kalma yana karatu, maimakon a faɗa masa kalmar kai tsaye sai a ɗan taɓa masa hanya ya ƙarasa da kansa. Tunin yakan zama magana, kamar "duba harafin farko" ko "sake karantawa daga farkon layi", alama kuwa tana iya zama yatsa a ƙarƙashin gaɓa, ko hoton da ke gefen shafi, ko ma shirun da malami ya yi yana jira.

Tarihi

Abin ya yi ƙarfi ne daga wajen 1967, lokacin da wani masanin Amurka Ken Goodman ya kawo ra'ayin cewa mai karatu ba bin haruffa yake ɗaya bayan ɗaya ba, hasashe yake yi da ma'ana da tsarin jimla da kamannin haruffa, daga nan aka samu abin da ake kira tsarin alamu uku. A kusan lokacin ne kuma Marie Clay ta ƙasar Niyu Zilan take zama da yara 'yan shekara biyar tana rubuta duk kuskuren da suka yi da yadda suke gyara kansu, wannan aikin ne ya haifi shirin Reading Recovery, na taimaka wa yaran da karatu ke ba wuya, a ƙarshen shekarun 1970, ya shiga Amurka ta jihar Ohayo a 1984. Tambayoyin da masu bin tsarin alamu uku ke yi wa yaro guda uku ne kullum: maganar ta yi ma'ana? ta zauna a kunne? ta yi daidai da abin da ke rubuce?

A birnin Okland na Niyu Zilan ɗin dai, wajen ƙarshen shekarun 1970, su Ted Glynn da Stuart McNaughton da Viviane Robinson suka tsara wata hanya don iyaye a gida, dakata, tunasar, yaba. Wato ka yi shiru kamar daƙiƙa biyar, in bai gane ba ka ba shi tuni, in ya yi ƙoƙari ka yaba masa kuma ka faɗi takamaiman abin da ya yi daidai. Dakatawar nan ita ta fi ba manya wuya don baki baya haƙuri.

Taƙaddama

Masu suka sun ce tura yaro ga hoto koya masa cinke ne, zai ga doki a hoto ya ce doki alhali ingarma aka rubuta. Ingila ta bar irin wannan tsari bayan rahoton Jim Rose kan koyar da karatu na 2006 ta koma kan sautin haruffa, a Amurka ma jihohi irin su Akansas a 2021 da Luwiziyana a 2022 sun taƙaita shi da doka. Magoya baya na cewa ba a fahimce su ba ne.

A rubutun Hausa

Boko ya fi Turanci sauƙi nesa ba kusa ba, kusan kowane harafi da sautinsa, shi ya sa tunin da ya fi aiki shi ne na gaɓa, ba, bi, bu, sai a haɗa. Amma tunda ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutun yau da kullum, akwai inda sai jimla ce za ta raba gardama, gari na shiga da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, sai yaro ya ga "ta tankaɗe" sannan ya san wanne ne. A nan ana fara haɗa haruffan tukuna kafin a nemi ma'ana.

Makarantar allo ma tana da nata, ana bin babbaƙu kafin farfaru, malam ko gardi na nuna harafi da tsinke ko yatsa, in yaro ya tsaya a ja masa bakin kalmar ya ƙarasa.