Masu koyon busa hamonika, ku daina danne leɓe

Masu koyon hamonika (ɗan ƙaramin abin busa mai jerin ramuka) da ke zuwa mana da ciwon baki, ƙorafinsu kusan iri ɗaya ne: leɓe ya tsage, gefen baki ya yi ja, muƙamuƙi na ciwo. Da ka ce mutum ya gwada busawa a gabanka, sai ka ga ya tsuke baki kamar mai fito, ya danna ƙarfen a kan busasshen leɓe, yana gurzawa hagu da dama. Haba ɗan'uwa! Fata ce fa, ba roba ba.

Mun san dalili. So kake rami ɗaya cikin ramuka 10 ya yi ƙara shi kaɗai. To tsuke baki shaƙe sautin yake yi, dannawar kuma ita ce ke cin leɓenka. Shigar da hamonikar cikin baki sosai, ta zauna a kan leɓen ciki mai danshi. Ka ɗan ɗaga bayanta sama, ka saki muƙamuƙi kamar mai shirin hamma, leɓen ƙasa zai rufe ramukan gefe da kansa. Numfashi kawai za ka yi ta cikinta a hankali, domin harsunan ƙarfen da ke ciki sirara ne, iska kaɗan ke motsa su. Mai busawa da ƙarfi jiri yake jawo wa kansa, ya kuma lalata harsunan. Kada ka danna. In ba ta zamewa, lashi leɓe.

Wani lokacin kayan ma na da laifi. Mai katako a tsakiya tana shan yawu ta kumbura, bakin katakon ya fito yana yanka leɓe. Mai roba ta fi wa ɗan koyo sauƙi. Wasu kuma fatarsu ba ta shiri da ƙarfen nikel, sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Amma kafin ka zargi kaya, duba yadda hannunka ke turawa.

Sauran a taƙaice:
- Minti 10 zuwa 15 sun isa a zama ɗaya.
- Kurkure baki kafin ka fara.
- Kada ka shafa mai a leɓe sannan ka busa, yana toshe harsunan.
- In ka gama, bubbuga ta a tafin hannu yawu ya fita, ka bar ta ta bushe.
- Ba aro, ba ba da aro, musamman in akwai ƙurji a leɓe.

Leɓe ya riga ya tsage? Ajiye ta har ya warke, don Allah. Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kai wa likita ya duba.