Rinin asid a gaban dokar Turai: me aka hana, me aka bari?

Mutum ya ɗaura agogo mai baƙin maɗaurin fata ya wuni da shi cikin zafi, da yamma ya kwance sai ya ga baƙin zobe a wuyan hannunsa. Galibi ba wani abu ba ne, rini ne da bai kama sosai ba ya bi gumi ya fito. To amma a kan wannan ɗan abin, wato abin da ke barin fata ko tufa ya koma jikin mai sawa, Tarayyar Turai ta yi doka, kuma duk mai son sayar da kayan fata, ulu, siliki ko nailan a ƙasashenta 27 sai ya bi ta. A bakin 'yan kasuwa za ka ji ana cewa "Turai ta hana rinin asid", wani ya ce a'a, "rinin azo ta hana". Duka maganganun biyu sun kauce. Dokar ba ta ambaci rinin asid ba ko sau ɗaya, kuma yawancin rinin azo halas ne a can.

Sai an san rinin kansa kafin a gane dokar. Sunan asid na ruwan da ake rinawa a ciki ne. Marini yana tsamama ruwan da asid, mai sauƙi irin na ruwan khal ko mai ƙarfi irin na salfa, gwargwadon rinin da ke hannunsa. A wajen jima kuwa an fi kammala aikin da asid ɗin fomik don launi ya zauna a fata. Ulu da siliki da fata duk daga jikin dabba suke, furotin ne, kuma a cikin ruwa mai tsami wasu gurabe a jikin zarensu suna ɗaukar caji mai jawo kishiyarsa. Ƙwayar rinin tana ɗauke da kishiyar cajin, sai su manne wa juna kamar ƙarfe da maganaɗisu. Nailan, da aka ƙirƙiro a Amurka a 1935, roba ce, amma ƙirar zarenta ta yi kama da ta furotin, shi ya sa rini ɗaya yake kama su. Auduga ba ta da waɗannan gurabe, don haka rinin asid ba ya zama a jikinta, wanki kaɗan ya zube.

Wannan suna na "asid" yana faɗin yadda ake amfani da rinin ne kawai. Ginin ƙwayarsa wani zance ne daban. Akwai rinin asid da aka gina kan wani sinadari mai suna antarakwinon, wanda ya fi ba da shuɗi da kore masu jure rana. Akwai kuma na azo, su ne mafi yawa, musamman a ja da rawaya da ruwan lemo da ruwan ƙasa da baƙi. Azo na nufin ƙwayoyin naitirojin biyu da suka riƙe juna suka zama gada tsakanin ɓangarori biyu na ƙwayar rinin. Muddin gadar tana tsaye, launi na nan. Idan ta karye, launi ya tafi, ɓangarorin biyu suka koma abin da aka ƙera rinin da shi tun farko, wasu sinadarai da ake kira amin (ba amin ɗin addu'a ba, sunan ne ya zo ɗaya). Masu karya gadar kuwa ba a nesa suke ba: bakteriyar da ke zaune a fatar mutum da cikin hanjinsa suna iya yi, hanta ma tana iya yi.

Yawancin waɗannan amin ba a same su da wani babban laifi ba. 'Yan kaɗan ne daga cikinsu suke haddasa ciwon daji, kuma an san haka tun da daɗewa, ta hanya mai ɗaci. A 1895 wani likitan fiɗa a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya lura cewa ma'aikatan masana'antar rini suna kamuwa da ciwon dajin mafitsara fiye da kima. Shi ya ɗora laifin a kan anilin, wani sinadari da ake ƙera rini da shi, har sunan ya bi cutar shekaru da yawa. Daga baya ne bincike ya nuna masu laifin na gaskiya: benzidin, da 2-naftilamin, da 4-aminobaifenil. A 1938 Wilhelm Hueper ya haddasa irin wannan ciwo a mafitsarar karnuka da 2-naftilamin, a 1954 kuma binciken Robert Case kan ma'aikatan masana'antun sinadarai na Birtaniya ya rufe gardamar. Muguntar cutar ita ce jinkirinta, tana iya ɗaukar shekara ashirin ko fiye kafin ta bayyana, lokacin da mutum ya manta ma da abin da ya taɓa.

Jamus ce ta fara kai maganar kan kayan da ake sawa a jiki, a 1994. Holan da Ostiriya suka bi sahu, kowace da nata tsarin, abin da ya rikita kasuwar da ake so ta zama ɗaya. Sai Tarayyar ta fitar da umarni mai lamba 2002/61, wanda ya fara aiki a watan Satumba na 2003. Yau hukuncin yana cikin babbar dokar sinadarai da ake kira REACH, mai lamba 1907/2006, a rataye na 17, sashe na 43. Hukumar sinadarai ta Turai, ECHA, da ke Helsinki ita ke kula da dokar, amma kama mai laifi da yanke masa tara aikin kowace ƙasa ne a cikin iyakarta.

Abin da sashen ya ce, a taƙaice: ba a yarda a yi amfani da rinin azo da zai iya karyewa ya saki ɗaya daga cikin amin 22 da aka jera ba, fiye da miligiram 30 a kowane kilo, a kayan saƙa ko na fata da za su daɗe suna taɓa jikin mutum ko bakinsa kai tsaye. Kuma ba a yarda a sa irin waɗannan kaya a kasuwa ba.

Kowace gaɓa a wannan jimla tana da nauyinta. Ɗauki maganar "zai iya karyewa". Ba a jira sai an ga amin ɗin a kwance a jikin riga. A ɗakin gwaji ana yanko ɗan ƙyalle ko ɗan fata, a jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 70, a zuba masa sinadarin sodiyam daitayonait wanda ke karya gadar azo da gangan, sannan a auna abin da ya fito. Wato ana tilasta wa rinin ya faɗi asalinsa. Hanyar gwajin kayan saƙa ita ce EN ISO 14362, ta fata kuma EN ISO 17234. Saboda haka jaka tana iya kasancewa ba ta zuba ko kaɗan, launinta daram, ta kuma faɗi gwajin. Rashin zuba da halaccin rini ba abu ɗaya ba ne, kuma nan ne masu sana'a da yawa suke yin tuntuɓe.

Sai ma'aunin miligiram 30 a kilo, wato kashi 0.003 cikin ɗari. Maɗaurin agogo mai nauyin giram 10 zai ƙetare iyaka da abin da ya haura miligiram 0.3. Kuma dokar ta ce a cikin kayan "ko a ɓangarorinsa da aka rina". Wannan ƙarin shi ne haƙorin dokar. Takalmi ba a niƙa shi gaba ɗaya a auna. Fatar sama daban, shafin ciki daban, igiya daban. Idan jar igiyar nailan ta faɗi, tsabtar sauran takalmin ba za ta cece ta ba, duk takalmin ya faɗi.

Kayan da abin ya shafa dokar ta kawo misalansu: tufafi, zannuwan gado, tawul, gashin kanti, huluna, ƙunzugun jarirai, takalma, safar hannu, maɗaurin agogo, jakunkuna, walat, rigar kujera, kayan wasan yara na ƙyalle ko na fata, har da zare da yadin da ake sayar wa mai ɗinka nasa a gida. Misalai ne, ba iyakar jerin ba. Ma'aunin shi ne daɗewar taɓa jiki.

To ina rinin asid a cikin wannan duka? Wasu tsoffin nau'o'insa suna faɗawa tarkon kai tsaye. A kundin sunayen rini na duniya kowane rini yana da suna da lamba. Acid Red 85 an gina shi kan benzidin. Acid Red 114 yana sakin daimetilbenzidin, wanda shi ma yana cikin 22 ɗin. Irin waɗannan suna da araha kuma suna ba da launi mai kauri, shi ya sa suka daɗe a wuraren jima da rina ulu. A ɗaya gefen kuma ga tatrazin, wanda a wajen marina ake kira Acid Yellow 23: rinin asid ne, na azo ne, kuma Turai ta yarda a sa shi a abinci da lambar E102. Bambancin yana cikin abin da kowanne ke komawa idan ya karye. Tatrazin da irinsa gutsattsarinsu suna ɗauke da wani rukunin sinadari da ake kira salfonet, wanda ke sa su narke a ruwa jiki ya fitar da su da sauri. Ni a ganina nan ne masu tsara dokar suka yi dabara. Da sun jera sunayen rini, da masana'anta ta canza suna ko ta gauraya biyu ta wuce. Da suka kama gutsattsarin, sai ya zama komai sunan da aka rubuta a jikin duro, gwaji ne ke da magana ta ƙarshe.

Rini ɗaya ne tak sashen ya hana da kansa, wani shuɗi mai duhu da ke ɗauke da ƙarfen kuromiyam, wanda aka ƙara a 2003. Ba a yarda a sayar da shi ko a rina ƙyalle da fata da shi ba idan ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari a gauraye. Dalilinsa ma daban ne: guba ne ga halittun ruwa, kuma ba ya ruɓewa da wuri idan ya bi ruwan masana'anta ya shiga kogi.

Tun da an ambaci kuromiyam, mai sana'ar fata yana da wani sashe da zai sa wa ido, na 47. Daga 1 ga Mayu 2015, kayan fata da ke taɓa jiki ba za su ɗauki nau'in kuromiyam da ake kira mai daraja ta shida da ya kai miligiram 3 a kilo ba. Denmak ce ta kawo shawarar, saboda yadda yake haddasa ƙaiƙayi da kumburin fata da ba sa rabuwa da mutum. Kuromiyam ɗin da ake jima da shi, da wanda ke cikin wasu rinin asid masu ƙarfe a ƙwayarsu, mai daraja ta uku ne, ba shi aka hana ba. Matsalar ita ce na ukun yana iya rikiɗa ya zama na shida idan zafi da hasken rana da mai marar kyau suka haɗu a kan fatar, ko aka bar ta da alkali, wato kishiyar asid, da yawa. Fata tana iya barin majema lafiya lau, ta yi makonni a kwantena a kan teku, ta isa da laifi.

Wa ke ɗaukar alhaki? A idon REACH shigo da kaya cikin Tarayyar daidai yake da sa su a kasuwa, don haka mai shigowa ne hukuma za ta riƙe. Ba ta da hannun da za ta kai ga marinin da ke wata nahiya. Sai dai mai shigowa ba ya zama ya jira, yana juya nauyin kan wanda ya sayar masa ta hanyar kwangila: kawo takardar gwaji, in kaya sun faɗi kai za ka biya. Ta haka dokar ta yi tafiya nesa da iyakar da aka yi ta dominta. Kayan da aka kama ana iya tsare su a tashar jirgi, a janye su daga shaguna ko a lalata su, sannan a wallafa hotonsu da ƙasar da suka fito a tsarin gargaɗi na Safety Gate, wanda a da ake kira RAPEX, kowa ya gani. Wasu ƙasashen ma sun yi tasu dokar, ta Sin ta fi tsauri a kan kayan saƙa, amin 24 da iyakar miligiram 20.

Akwai abin da ke ɗan damuna a tsarin. Waɗanda benzidin ya kashe a tarihi ma'aikata ne masu shaƙar ƙurarsa da dama shi da hannu, ba masu sa riga ba. Sashe na 43 mai saye yake karewa. Masana'antar da ke wajen Turai tana iya ajiye rini mai tsabta don kayan da za a kai can, ta ci gaba da amfani da tsohon don sauran kasuwanni, ma'aikacin kuma shi ne dai a bakin tukunyar duka biyun. Dokar ba ta yi alkawarin gyara wannan ba, amma ya kamata mai karanta takardar gwaji ya san iyakar abin da take shaida.

Gwajin kansa ma yakan yi kuskure ta wata fuska. Fata ko ƙyallen da aka shafe da robar foliyuritan yana iya sakin biyu daga cikin amin ɗin da aka jera yayin gwaji, alhali babu haramtaccen rini a jikinsa ko ɗigo, daga robar suka fito. Sashe na 43 kuwa a kan amin da ya fito daga rinin azo yake magana. Idan sakamako ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan biyun a kayan da ke da shafin roba, mai kaya yana da hujjar neman a sake gwaji, a raba shafin da fatar a auna kowanne shi kaɗai, kafin a yanke hukunci kan kwantenar.