Gwanjon tsofaffin kuɗin ƙarfe: nawa ya kamata in taya?

Wai ba tsufa ba ne ke sa kwandala tsada?

Ina! Nan ne mutane suka fi yin asara. Akwai kuɗin tagulla na Rumawa da suka haura shekara 1,600 amma da ƴan daloli kaɗan za ka saya, don an tono su tuli. Ga kuma azurfar nan mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Austiriya wadda ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa har mata suka riƙa ado da ita, duk wadda ka ɗauka 1780 za ka gani a jiki, sai mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali ita sarauniyar ce ta rasu a 1780 aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar, ɗaruruwan miliyoyi, har yau ana bugawa a Vienna. Yawancinsu kuɗin azurfar jikinsu kawai za ka biya, nauyinta wajen giram 28 ne.

Shi kuwa zinaren Amurka na dala 20 da aka buga a 1933, ko shekara ɗari bai yi ba, amma a 2021 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da guda ɗaya dala miliyan 18.9. An buga 445,500 sai gwamnati ta narke kusan duka, wannan ɗin ne kaɗai doka ta yarda wani ya mallaka.

To me zan duba kenan?

Guda nawa suka rage a duniya, mutum nawa ke nemansu, sannan lafiyar jikin kuɗin. Ta ukun nan ita ce rigimar. Ana auna ta da ma'aunin Sheldon daga 1 zuwa 70, kamfanoni irin su PCGS da NGC su duba su ba da maki su rufe kuɗin cikin roba. A can sama maki ɗaya tak na iya ninka farashi, mai 65 da mai 66 kai da ni da ido ba lallai mu bambance ba amma aljihu zai bambance. Ni dai shawarata kalli kuɗin kansa, ka zuƙo hoton ka duba gashin kai da bakin gefe inda ya fi saurin cinyewa, kar lambar robar ta rufe maka ido.

In goge shi ya yi ƙyalli ba zai fi daraja ba?

Don Allah kar ka soma. Toka, lemon tsami, soson ƙarfe, duk kashe kuɗin suke. Masu ba da maki suna ganewa, su rubuta an wanke, farashi ya zube.

Ƙiyasin da gidan gwanjo ya rubuta fa, in dogara da shi?

Wannan buɗe ciniki ne kawai. Sau da yawa da gangan ake sa shi ƙasa don a jawo masu taya, kamar dillalin da zai ce maka zo ka gani arha ce. Abin da za ka nema shi ne nawa aka sallama irinsa, mai maki ɗaya, a gwanjon baya-bayan nan. Manyan gidaje irin Heritage suna ajiye tsofaffin farashinsu a intanet. Samo uku ko huɗu, in ɗaya ya yi tsalle sama sosai ajiye shi gefe, wataƙila masu kuɗi biyu ne suka yi zuciya ranar.

Abin da na taya shi zan biya?

A'a, akwai la'ada, kuma a kan mai saye take. Yawanci wajen kashi 20 cikin ɗari ce, wani gidan ma ta fi haka. Ka taya dala 1,000 aka buga guduma, 1,200 kenan, ba a zo kuɗin aikowa da inshora da kwastan da canjin dala ba. Saboda haka lissafin daga baya ake farowa, in 1,200 ce iyakarka to a 1,000 za ka tsaya ko ƙasa, ka rubuta a takarda tun kafin a fara, don in taya ta yi zafi kana ganin wani yana ƙara maka hamsin hamsin zuciya ce ke karɓe tuƙi, ka ci gwanjon ka dawo kana cizon yatsa.

Rubutun jiki da hannun da ya bi suna ƙara wani abu?

Sosai ma. Wancan zinaren na 1933 ana kyautata zaton na Sarki Faruk na Masar ne. Akwai kuma dinaren Banu Umayya na shekara 105 bayan hijira da aka rubuta masa "Ma'adin Amirul Muminina bil Hijaz", a 2019 gidan Morton & Eden a Landan ya sayar da shi fam miliyan 3.72, alhali dinaren zamaninsa da ba shi da wannan layin ko kusa bai kai ba. Takardun asali kuma suna rage fargabar jabu.

Kobo mai huda da anini da ke cikin kwallar kakata fa?

Ajiye su kar ki wanke, amma kar ki ci bashi a kansu. Turawa sun buga su da yawan gaske, har na 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na 8 wanda ya sauka daga sarauta a shekarar, shi ma ba wuyar samu gare shi ba. Duba shekarar da ɗan harafin ma'aikatar da ta buga shi, H ko KN na Birmingham, ki nemi wannan haɗin a farashin gwanjon baya ki ga nawa aka sallama.